Bencin Baya

Ƙofar Sauri, Katsina
Watan Yuni, 1979

Zuwa ga ƙanena Ayuba, a Ikko.

Gaisuwa mai yawa, irin ta wa da ƙane, wadda fushi ba ya hana ta. Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka Rahila da yara gaba ɗaya, da duk wanda ke cin tuwo a gidanka. Allah shi ƙara maku lafiya, shi tsare ku da sharrin motocin Ikko da na mutanenta, shi ba ka tsawon rai har ka ga jikokin 'ya'yanka. Na yi maka wannan addu'a da zuciya ɗaya, don ciki ɗaya muka fito, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Amma ka sani ba wannan ce takardata ta fari zuwa gare ka ba. Tun kana Zariya nake aiko maka, ka koma Kaduna na bi ka da ita, ga shi yanzu har ka kai bakin teku. Tambaya ɗaya ce a cikinsu duka, kuma ko sau ɗaya ba ka taɓa amsa ta ba. In Kirsimeti ta zo sai ka aiko da gaisuwa da yadin shadda, tambayar kuwa ka tsallake ta kamar wanda ya tarar da kwata a hanya. Ku da kuka yi boko kun ƙware wajen amsa abin da ba a tambaye ku ba.

Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ruwa ya sauka da wuri bana, 'yar gonata ta Batagarawa har an yi mata noman fari, gero ya fara rufe ƙasa. Ɗiyata Hajara ta sauka lafiya, an samu namiji, sun sa mashi sunan Babanmu, kuma da ka ga goshinsa ka san bai ci sunan a banza ba. Ni ne dai jiki ya fara ƙi. Ƙafafuna sun kumbura har takalmi ba ya shiga, in na ja zarto kaɗan sai numfashi shi tsaya mani a wuya. Likita ya ɗora mani abin sauraronsa a ƙirji ya daɗe, ya ce zuciya ce ta gaji, wai in bar aikin ƙarfi. Na tambaye shi kafinta in ya aje zarto me zai ci, sai ya yi dariya ya rubuta magani. Ban faɗa maka don ka ji tausayina ba. Na faɗa maka ne don ka san lokacin da kake da shi na yin shiru ya fara ƙarewa. Malam Almu mai rubuta wa mutane takarda a bakin gidan waya, shi ke rubuta mani wannan, tun da kai aka kai makarantar Mishan, ni aka bar ni da awaki. Na ce mashi duk abin da ya fito daga bakina shi sa shi yadda ya fito, kada shi zuba mashi man shanu.

To bari in tuna maka, ko da yake na san ba mantawa ka yi ba. Shekarar da na auri Delu, kai ne magatakardan ikilisiyarmu ta nan bayan ganuwa, saurayi mai farar riga da alƙalami a aljihu. Dattawa suka zauna suka ce na auri 'yar Katolika, an kuma ɗaura auren a gaban Fada, limaminsu, wai na haɗa kaina da masu durƙusa wa gumaka da roƙon Maryamu. Suka yanke mani horo. Ka fi ni sanin yadda ake yi. Ran Lahadi, ana tsakiyar sujada, sai a kira sunan mutum shi tashi tsaye, a karanta laifinsa kowa na ji, sannan a nuna mashi bencin baya, can bakin ƙofa inda ake jingine lema. Ba ya cin jibin Ubangiji, gurasar nan da ƙoƙon da ake raba wa masu bi, ba ya ɗaga murya shi yi addu'a cikin jama'a, ba ya ɗaukar farantin baiko da ake tara sadaka a ciki, in kuwa ya mutu a haka Fasto ba zai tsaya kan kabarinsa ba. Ba ya barin wurin sai ran da ya tsaya gaban ikilisiya ya ce ya yi zunubi, ya tuba. Wa ya karanta takardar ran nan? Kai ne. Muryarka ko rawa ba ta yi ba. Har ka gyara tsayuwa, ka kira ni ɗan'uwa Tanko kamar wani baƙon da ya sauka a tasha jiya, sannan ka miƙa hannun da ke riƙe da takardar ka nuna mani baya.

Abin dariya, ni na yi bencin nan da hannuna, da ragowar katakon maɗaci, tun ana gina majami'ar. Da na san ni zan tsufa a kansa da na yi mashi majingina. Na zauna a kansa da mashaya burkutu, na zauna da mazinata, na zauna da wanda ya taɓa asusun zumunta. Kowa sai shi yi 'yan watanninsa, shi tashi shi matse hawaye, a rera mashi waƙa, shi koma gaba abinsa. Wasu cikinsu yau dattawan ikilisiya ne, su ke raba jibin da aka hana ni. Su baƙi ne a bencin, ni ne mai gida. Delu ta sha ce mani in bar wahalar da kaina, in zo wurinsu in zauna inda na ga dama. Na ce mata a rafin garinmu aka yi mani baftisma tun ba a san ka da alƙalami ba, babu mai korata daga ɗakin da na kafa wa ƙofa. Shekara ashirin da ɗoriya ban fasa Lahadi ba sai in ciwo ya kayar da ni.

Abin da kuke so in tashi in faɗa shi ne auren Delu zunubi ne. Delu da ta ɗauki Inna lokacin da ɓarin jikinta ya mutu, ta yi mata wanka, ta kwashe kashinta, ta ba ta kunu a baki har ta cika, kai kuwa kana Zariya kana karatun da ba ya ƙarewa. Inna ta mutu Bamagujiya, ba ta bi naku ba, ba ta bi na Fada ba, amma Delu ba ta taɓa tsayawa tambayar addininta kafin ta wanke ta ba. Ka tuna zuwanka gida bayan rasuwar? Delu ta yi maka tuwon dawa da miyar kuka irin wadda kake so tun kana yaro, ka ƙi sa hannu sai an kife hoton Maryamu da ke rataye a ɗakinta. Ta tashi ta kife shi da kanta, ka cinye tuwon tas har ka nemi ƙari. Da Delu ta rasu bara waccan, Fada ya binne ta a ɓangarensu na maƙabarta, bayan shingen ƙayar nan da ya raba nasu da namu. Daga ikilisiyarmu tsofaffin mata biyu suka zo, su ma suna waige-waige kamar masu satar kaza. Maƙwabcina Alhaji Mamman mai fatu, Musulmi, shi da 'ya'yansa suka raka mu har bakin maƙabarta suka tsaya cikin rana har aka gama. Kai kuwa ka bugo talgiram mai kalma kamar shida.

Ana nan sai ga soja sun ce za su koma bariki, a yi zaɓe. Ni na ga siyasar farko da idona. A lokacin kai ne ke tsayawa a majami'a kana ce mana siyasa ƙazanta ce, ɗan Mishan ba ya taɓa ta, haske ba ya zama da duhu. Sai kwatsam na ji wai ka shiga jam'iyyar manya, ta masu rawani da manyan 'yan kasuwa, har sun ba ka aikin tattaro masu ƙuri'ar Kiristocin Arewa, kamar yadda ake ba mutum kwando a ce shi tsinto gyaɗar da ta zube. Da Sammani, wakilin jam'iyyarku na nan, ya zo ya ce in haɗa masu dandamalin taro a filin bayan Ƙofar Ƙaura, na karɓa na yi, don katako ba shi da jam'iyya. Na kuma yi shi da ƙarfi, don na ji an ce ƙanena zai hau, ba na son a ce kafintan gidanku ne ya karya ka.

Ran taron na zo na tsaya can baya wurin masu kekuna. Na ga abin da ban taɓa zaton zan gani ba kafin in mutu: Fada da Fasto a kujerun kushin, kafaɗa da kafaɗa, suna shan lemo. Ka taso cikin babbar riga mai aska takwas, ka kama hannun wannan ka kama na wancan ka ɗaga sama. Ka ce wai Katolika da Mishan uwa ɗaya uba ɗaya ne, bambancin na waƙa ne kawai. Ka ce jam'iyyarku ita ce ta masu tsoron Allah, masu riƙon aure da daraja, masu girmama manya da sarauta da abin da aka gada, waɗancan kuwa 'yan gurguzu ne da za su ƙwace gonaki su ce babu Allah. Ka ce in an zaɓe ku za a maido wa coci makarantun da gwamnati ta karɓe, Fada ya gyaɗa kai har gilashinsa ya zamo. Duk wannan bai dame ni ba, ɗan siyasa da maroƙi sana'arsu ɗaya, sai dai maroƙi ya fi kunya. Abin da ya tsaya mani a wuya shi ne da ka ce ko a gidanku an daɗe da yin wannan haɗin, wai yayanka ya auri 'yar Katolika, marigayiya Delu, wadda ta zama uwa a gare ka, wai gidanmu shi ne abin koyi. Matan zumuntar Katolika, ƙawayenta da suka san ta, suka ɗauki guɗa, wasu har da hawaye. Ni kuwa na tsaya ina kallon bakin da ya ƙi tuwonta yana cin sunanta.

Kada ka ɗauka don ban yi boko ba ban gane lissafin ba. Bana ne aka fara ba matan Arewa ƙuri'a, kuma matan Fada sun fi mazansu yawa da haɗin kai. Da mata ba su da ƙuri'a, Delu mai gumaka ce. Da aka ba su ƙuri'a, ta zama uwarka. Sammani ya ratso jama'a yana haki ya kama hannuna, wai ka ce a kawo ni gaba, an aje mani kujera tsakanin Fada da Fasto, ga mai hoto na jira. Na fizge hannuna na ce mashi ni mutumin baya ne, shi je shi tambayi Ayuba, shi ya nuna mani wurina. Ban san abin da ya faɗa maka ba. Na dai ga an tashi taro ka shige mota, ka ɗaga mani hannu ta bayan gilashi, kuka ɗauki hanyar Funtuwa. Ka zo Katsina ka ambaci Delu a lasifika, amma ba ka tako gidanta ka sha ruwa ba, balle ka je ka ga inda take kwance.

Bayan kwana kaɗan sai ga sabon Fastonmu a shagona, da dattawa biyu. Yaro ne mai ladabi, ba a haife shi da daɗewa ba lokacin da aka yanke mani horon, har ƙasa ya tsuguna ya gaishe ni. Ya ce maganar nan ta daɗe, ta zama abin kunya, kuma saƙo ya zo daga sama cewa a rufe ta kafin zaɓe, don 'yan ɗaya jam'iyyar sun ji labari sun fara yi da ita a kasuwa. Na tambaye shi wace saman, ta Allah ko ta Ikko, sai ɗaya dattijon ya yi tari. Fasto ya ce sun sauƙaƙa mani, ba sai na yi dogon bayani ba, in tashi kawai ran Lahadi in ce na tuba, ba za a ambaci daga me ba, a ranar zan ci jibi. Na tambaye shi to daga me na tuba, ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙusa. Na ce mashi duk mai furfura a majami'ar nan ya ji abin da aka karanta, yara kuma an ba su labari. In na tashi na ce na tuba, kowa ya san Delu ce na tuba daga gare ta, kuma ba zan bar Hajara ta zauna tana jin ubanta na cewa haihuwarta daga zunubi ta fito ba. Ya ce shi ba shi ya kafa dokar ba, tarar da ita ya yi. Na ce na sani, shi ya sa ba da shi nake ba. Su ma 'yan ɗaya jam'iyyar sun zo, wai in hau nasu dandamalin in tona maka asiri. Na ɗauko guduma na nuna masu hanya. Delu ba tutar kowa ba ce.

Tun da likita ya yi maganarsa na fara neman inda zan kwanta. Na je wurin Fada na ce in na mutu a sa ni kusa da matata, akwai fili a gefenta, na auna da idona. Ya karɓe ni da fara'a, ya ce da murna, in dai zan zo in koyi katikisma, karatun addininsu, a karɓe ni in zama nasu. Wato in ce baftismar rafin garinmu da zaman da na yi duk shekarun nan ba su isa ba. A namu ɓangaren kuma an ce wanda ya mutu cikin horo sai dai danginsa su haƙa su rufe, babu waƙa babu addu'a. Alhaji Mamman da ya ji, ya yi dariya ya ce in bar wahala, kalma ɗaya zan faɗa su yi mani wanka su sallace ni, unguwa duka ta fito. Shi aƙalla da wasa ya faɗa, kuma ya aiko mani da fura bayan nan. Ka ga kowa da kalmar da yake so in faɗa kafin shi ba ni rami. A kan dandamali uwarku ɗaya ubanku ɗaya, a maƙabarta kuwa shingen ƙaya na nan, har an ƙara mashi sabuwar ƙaya bana saboda awaki.

Shi ya sa in na ji ana cewa jam'iyyarku ta haɗa kan Kirista sai in tofar da yawu. Haɗin kaji ne a akurkin ɗan kasuwa, ba ƙauna ta tara su ba, hanyar kasuwa ce ɗaya. Ran da aka gama ƙirga ƙuri'a Fada zai koma nasa, Fasto shi koma nasa, a ci gaba da hana 'ya'ya auren juna, masu rawani kuma su manta da ku gaba ɗaya sai wani zaɓen. Kuna ihun riƙon aure da daraja. Ni na riƙe mace ɗaya har na rufe mata ido, ban yi mata kishiya ba, ban taɓa ɗaga mata hannu ba, ladan da masu riƙon aure suka ba ni shi ne benci marar majingina. Kuna ihun girmama manya, ga yayanka ka ɗaga mashi hannu ta gilashi kamar ɗan kamasho. Abin da kuke riƙo ba addini ba ne, ba al'ada ba ce, kujera ce. Ni kafinta ne, na san kujera in na gan ta. Malam Almu ya aje alƙalami ya ce in rage, wai ɗan'uwa ɗan'uwa ne. Na ce mashi shi rubuta, har da wannan da ya faɗa.

Ka gaishe mani da Rahila da kyau, ita ba ta taɓa yi mani laifi ba, ta kuma yi wa Delu kuka na gaskiya. Ka gaida Istifanus da Lailatu da autarku da ban taɓa gani ba, ka ce masu suna da baba a Katsina mai iya yin akwati da keken katako. Hajara da mijinta suna gaishe ku, jaririn ma da ya iya magana da ya gaishe ka, tun da bai san komai ba tukuna. Alhaji Mamman ya ce a gaida ɗan siyasa, wai a tuna da shi in an fara rabon taki.

Saura tambayata, wadda ka sani tun kana Zariya. Ba ƙuri'ata nake sayar maka ba, katina na cikin aljihu kuma babu wanda zai san inda zan dangwala. Ba kujerar kushin nake so ba, ba kuma yadin shadda ba. Ina so in ci jibin Ubangiji sau ɗaya kafin zuciyar nan ta tsaya, in kuma kwanta kamar Kirista ba tare da na zagi matata ba. Ayuba, auren Delu zunubi ne ko ba zunubi ba ne? In zunubi ne, ka cire sunanta daga bakinka, kada ka ƙara hawa katakon kowa da shi, ni kuma in mutu a bencina, Hajara da Alhaji Mamman su haƙa su rufe. In ba zunubi ba ne, ka zo ka tsaya daidai inda ka tsaya ran nan, gaban ikilisiya, ka faɗa da muryar nan taka da ba ta rawa cewa kun yi kuskure. Bakin da ya karanta shi zai warware, ba yaron Fasto ba, ba Sammani ba. Ɗaya daga cikin biyun nan za ka zaɓa, kai da ke yawo ƙasa-ƙasa kana koya wa mutane zaɓe. Kada ka aiko mani da gaisuwa. Ka amsa mani.

Ran Lahadi ina nan inda ka aje ni. In ka zo ba sai ka tambayi kowa ba, ba ka isa gaba sai ka wuce ta gabana, ni ne na farko a bakin ƙofa.

Ni ne yayanka, ga dangwalen yatsana,
Tanko Kafinta